Yadda ake horar da doki ya ɗauki kansa da kansa, ba da ƙarfin linzami ba

Ranar hawan sallah, in ka samu gurbin tsayawa kusa da ƙofar fadar Sarkin Bauchi, ka ɗan kau da ido daga rawuna da alkyabbu, ka dubi dawakin su kansu. Iri biyu za ka gani. Akwai wanda wuyansa ya lanƙwashe kamar baka, haɓa ta kusa taɓa ƙirji, baki a wangale, gadon baya ya lotsa, ƙafafun baya na biyo shi daga nesa kamar na aro. Akwai kuma wanda kamazurunsa ke ɗan lilo a hannun mahayi, amma yana taku ɗai-ɗai, ƙirji a ɗage, ƙafar baya tana shigowa can ƙarƙashin ciki. 'Yan kallo na farkon suke yi wa shewa. Masu doki kuwa na biyun suke tambayar kuɗinsa.

Na farkon, linzami ne ke ɗauke da shi, ana saki zai watse. Ni ma na taɓa ƙera irinsa da hannuna. Shekarun baya na sayi wani bidi, ina ɗokin fita da shi babbar sallah, sai na ɗaure masa igiya daga linzami zuwa majayi, ina barinsa haka a turke. Cikin sati uku wuya ya lanƙwashe, har abokai na yaba mini. Ranar hawa muka zo jahi, na ja zamiya, sai ya tafi da ka, gwiwa a ƙasa, ni kuma na tsinci kaina a gaban kofatonsa, rawani a gefe guda. Da yamma wani dattijo mai kula da bargar maƙwabtanmu ya zo yi mini jaje, ya zagaya dokin sau biyu, ya ce, "Yaro, ka yi wa gida zanko ba ka haƙa harsashi ba. Doki daga baya ake gina shi." Na ce, "To Baba, yaya zan yi?" Ya ce, "Kwance igiyar nan tukuna."

Abin da ke faruwa a jikin dokin

Doki a tsaye, ba kowa a kansa, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a kan ƙafafun gaba yake, saboda kai da wuya da ke rataye a can. Sai ka zo ka ɗora sirdi daf da kafaɗa, ka hau, ka ƙara wa gaban kaya. Ga wani abu kuma: ƙashin nan da ke kwance daga maƙogwaronka zuwa kafaɗa, doki ba shi da shi. Babu ƙashin da ya haɗa ƙafafunsa na gaba da gangar jiki. Tsoka ce da jijiya suka rataye ƙirjin tsakanin allunan kafaɗa biyu, kamar yadda zane ke riƙe goyo. In tsokar ta yi sanyi, ƙirji ya zube, doki ya riƙa tuntuɓe yana jingina da hannunka. In ta yi ƙarfi ta ɗaga ƙirjin, za ka ji kamar dokin ya ƙara tsawo a gabanka.

Gadon baya kuwa gada ce tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Tsokar ciki ke tallafe ta daga ƙasa. Daga sama, wata jijiya mai ƙarfi ta taso daga ƙeya, ta bi saman wuya, ta kama ɗan tudun ƙashin da ke tsakanin gindin wuya da baya (zan kira shi tozo, ko da yake bai kai na sa ba), ta zarce har kuturi. In doki ya miƙa wuya gaba da ƙasa, jijiyar ta ja, baya ya ɗago. In ya cilla kai sama don gudun zafin linzami, baya ya lotsa, ƙafafun baya su rasa hanyar shigowa. Gwada da kanka: ka yi rarrafe, ka ɗaga kai ka dubi rufin ɗaki, sannan ka ce ɗanka ya hau bayanka.

Don haka abu uku muke nema: ƙafafun baya su shigo ƙarƙashin ciki su karɓi nauyi, ciki ya ɗaga baya, ƙirji ya tashi. Lanƙwasar wuya da kanta take zuwa a ƙarshe, ba a kiranta.

Mataki na 1: ka tabbata ba ciwo ke hana shi ba

Yawancin abin da muke kira tutsu ko turjiya, ciwo ne dokin ke faɗa maka da harshen da yake da shi.

Fara da baki. Turamen doki ba sa daina fitowa, tauna ce ke cinye su, kuma da yake muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, kaifi kan fito a gefen waje na turamen sama da gefen ciki na na ƙasa, yana yankar kumatu da harshe. In kana ganin hatsi na zubowa daga bakinsa, ko dunƙulen ciyawa da ya tauna ya tofar, kira likitan dabbobi ya goge su da magagari. Sau ɗaya a shekara a duba. Tsakanin shekara 2 da rabi zuwa 5 kuma yana famfara, bakin ba ya rasa tsami.

Sai baya. Bi da yatsunka gefe biyu na ƙashin baya daga tozo zuwa kuturi kana ɗan dannawa. In ya noƙe, ko ya kwantar da kunne, akwai magana. Farin gashi a wurin zaman sirdi shaidar tsohon miki ce. Ɗora sirdin ba shimfiɗa: yatsu 3 su shiga tsakanin gabansa da tozo, kada ya danne allon kafaɗa, kada kuma ya wuce haƙarƙari na ƙarshe. Haƙarƙarin doki 18 ne a kowane gefe. Lalubo na ƙarshen ta wajen kwiɓi, ka bi shi da yatsa zuwa sama, nan ne iyakar wurin da ke iya ɗaukar mutum. Sirdinmu na katako ba ya bin jiki, saboda haka in bai dace ba, tara shimfiɗa ba zai gyara shi ba, kamar dai sa safa uku ne a takalmin da ya matse ka.

Kofato a gyara duk sati 6 zuwa 8, musamman da damina, lokacin da ƙasa ta yi laushi ba ta cin sa. Dogon kofato shi kaɗai ya isa ya sa tuntuɓe. Ka sa yaro ya ja dokin da sassarfa a kan ƙasa mai tauri ya nufo ka: in kansa na ɗagawa duk sanda wata ƙafar gaba ta taka, ita ce mai ciwo, a ajiye horo sai ta warke.

Nauyin mahayi da sirdi kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin doki. Mai kilo 300, kilo 60 ke nan, har da sirdin. Magana ce marar daɗi ga masu tumbi irina na yanzu, amma haka take.

Shekaru kuma: ƙashin baya shi ne na ƙarshe da ke ƙosawa, sai doki ya kai shekara 5 zuwa 6. A tsohuwar makarantar hawan nan ta Biyana, babban birnin Ostiriya, sai ingarma ya kai wajen shekara 4 ake fara masa karatu, kuma yakan ci kimanin shekara 6 kafin a ce ya ƙware. Mu nan ɗan shekara 2 muke ɗora wa kayan sallah. Duƙushi a yi masa aikin ƙasa, hawa mai nauyi ya jira.

Mataki na 2: rataye babban linzami a ƙusa

Linzaminmu na gargajiya, mai dogayen hannuwa, da harshen da ke tokare ganda, da zoben da ya kewaye muƙamuƙin ƙasa, kayan mayaƙa ne: mutum da mashi a hannu ɗaya yana son tsayawa nan take. A bakin gwanin doki da hannun gwanin mahayi, ba laifi. A bakin ɗan koyo kuwa abu ɗaya yake koyarwa, wato ɓoye baki, ko dai sama ko cikin ƙirji. Nemi ƙaramin linzami mai gaɓa a tsakiya, marar dogayen hannuwa, irin da ake samu wajen masu sayar da kayan dawakin folo. Ya ɗan fi bakin faɗi kaɗan, ya zauna inda zai yi 'yar tattara ɗaya ko biyu a gefen leɓe. In bakin ya riga ya ji rauni, ɗaura kamazuru a gefe biyu na ragama ka yi aiki haka har ya warke.

Igiyar ɗaure kai kuma, kwance ta. Hukumar wasannin dawaki ta duniya ma tun shekarar 2010 ta haramta danne wuyan doki da ƙarfin tsiya.

Mataki na 3: aikin ƙasa

Sati biyu na farko ba hawa. Minti 15 zuwa 20 kullum, da ragama.

Ka ja shi kana daidai kafaɗarsa, ka tsaya, ya tsaya. In bai tsaya ba ka ɗan riƙe igiya, da zarar ya tsaya ka saki nan take. Wannan sakin shi ne dukan karatun. Ja tambaya ce kawai, saki ne ke gaya masa ya ba da amsa daidai, kuma in ka makara da daƙiƙa biyu ma, ya riga ya ɗauka wani abin kake nufi. Ka riƙa gyara masa tsayuwa har ƙafafu huɗu su daidaita kamar na tebur.

Koya masa ja da baya. Ka fuskance shi, ka ɗan danna ƙirji da yatsu, taku ɗaya ka saki ka shafa. A hankali ya kai taku 4, daga baya 8. Kai ya kasance daidai da tozo ko ƙasa kaɗan, yana ɗaga ƙafafu bibbiyu a karkace, ba jan su a ƙasa ba. In ya cilla kai sama, alama ce ka yi masa gaggawa.

Sannan miƙa. Bayan ya yi 'yar tafiya jiki ya ɗumama, ɗauki karas ko guntun rake, ka jawo hancinsa zuwa wurin majayi, ka riƙe daƙiƙa 5, ka ba shi. Sai zuwa kwiɓi, sai tsakanin ƙafafun gaba. Sau 3 kowane gefe, ƙafafu a kafe. Nan take za ka gane gefen da ya fi masa wuya, ka riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa. Daga nan ka tsaya daf da kafaɗa, ka sa yatsu a tsakiyar ciki wajen bin majayi, ka danna sama kana ɗan sosawa. Dubi gadon bayan: zai ɗago kana gani. Riƙe daƙiƙa 5, sau 5. Ka kula da ƙafar baya, wasu ba sa son a taɓa musu ciki.

Mataki na 4: kewaye da doguwar igiya

Igiya mai mita 8 zuwa 10, fili shimfiɗaɗɗe, ba marmara ba, ba kuma yashi mai zurfi ba. Kai a tsakiya, shi yana kewaye, faɗin da'irar mita 15 zuwa 20. Bulala tana nuna kuturi, ba don duka ba. Kada ka taɓa naɗe igiyar a hannu. Zaɓi kalma ɗaya ta tafiya, ɗaya ta sassarfa, ɗaya ta tsayawa, kada ka sauya su. Minti 10 kowane gefe shi ne iyaka, sau 2 ko 3 a sati, don kewaye na cin gaɓoɓi.

Ga dabarar da Baba ya nuna mini. Share wani yanki na da'irar da tsintsiya, dokin ya bi ta kai, ka je ka karanta sawu. A tafiya, kofaton baya ya kamata ya sauka a kan sawun na gaba ko ya wuce shi. A sassarfa ya faɗa cikinsa. In yana sauka baya da sawun, to ƙafafun baya ba su fara aiki ba, ko da wuya ya yi kyan gani. Ƙasa ba ta yi wa kowa kara.

Abin da kake jira: wuya ya sauka da kansa, hanci gaba, ya furzar da iska, ya fara motsa baki, wutsiya na lilo a sake. Ranar da ka ga haka ka yabe shi ka tashi aiki, ko da minti 6 kawai aka yi.

Mataki na 5: kai kanka

Ba yadda za a yi doki ya daidaita a ƙarƙashin mutumin da ya karkace. Sirdinmu mai dogon baya yana jan mutum ya zauna kamar a kujerar falo, ƙafa a gaba, nauyi a ƙarshen sirdi, daidai inda bayan dokin ya fi rauni. Ka sa wani ya ɗauke ka hoto da waya daga gefe. Kunne, kafaɗa, ƙugu da dunduniya su zama a layi ɗaya, ta yadda da za a zare dokin, a tsaye za ka sauka. Daga gwiwar hannu zuwa bakin doki ma layi ɗaya. Riƙon kamazuru kamar riƙon ɗan tsako, kada ya gudu kada ya mutu.

Gwada miƙewa tsaye a likkafa dokin na tafiya, ba ka dafa komai ba. In ba ka iya taku 20 haka, to da bakinsa kake riƙe kanka ba ka sani ba. Cire ƙaimi, ka ajiye likkafa mai kaifin gefe. A sassarfa ka riƙa tashi da zama bisa bugun takunsa maimakon ka riƙa dukan bayansa da mazaunai. Wajen hawa ma ka taka dakali ko kifaffen turmi, don ɗarewa daga ƙasa na murɗe sirdi a kan tozo.

Mataki na 6: taku daidai, wuya a miƙe

Kowane hawa ya fara da tafiyar minti 10, kamazuru a sake. Sa kunne: tafiya bugu 4 ce, sassarfa 2, ƙaramar sukuwa 3. Kana son bugun ya zauna daram kamar gangar da ta samu makaɗi, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Sauri ba ƙarfi ba ne. Doki mai gaggawa faɗuwa yake yi gaba yana tarar kansa, kamar mai buhu a ka a gangare.

In bugu ya zauna, tattara kamazuru har ka ɗan ji bakinsa a yatsunka, ka tsayar da hannu nan, ka matsa da ƙafa kaɗan. Ƙafa ke turo shi, hannu karɓa kawai yake yi. Da zarar ya sassauta muƙamuƙi ya nemi linzamin gaba da ƙasa, bi shi da hannu, ka bar wuyan ya yi tsawo. Hanci ya kasance gaba kaɗan da layin da ya sauko tsaye daga goshi zuwa ƙasa, kada ya koma wajen ƙirji. Nan mutane ke gajiya, domin doki mai dogon wuya a ƙasa ba ya burge 'yan unguwa. Wata biyu na yi ana tambayata ko bidina ba shi da lafiya. A cikin wata biyun nan ne bayansa ya cika.

Mataki na 7: sauyin taku da rabin tsayawa

Nan ne nauyi ke komawa baya, saboda haka bari in daɗe.

Duk lokacin da doki ya sauya daga wani taku zuwa wani da kyau, dole ƙafafun baya su shigo su tallafe shi. Don haka maimakon sukuwar kilomita biyu, yi sauyi 30 a fili ɗaya. Tafiya taku 10, tsaya, ƙirga uku, tafi. Sassarfa taku 15, koma tafiya taku 5, sake sassarfa. In ya gane, rage tazarar.

Yadda ake neman tsayawa: ka miƙe zaune, ka ɗaure cikinka kamar mai shirin tari, ka daina bin motsinsa da ƙugu, ƙafa na nan a jikinsa ba ta sake shi ba, ka faɗi kalmar tsayawa, sannan a ƙarshe ka rufe yatsu. Rufewa, ba ja ba. Ya tsaya, ka buɗe. In bai tsaya ba, buɗe ka sake rufewa, kada ka kafe kuna ja-in-ja, don ya fi ka ƙarfi kuma zai koyi jingina. Kullum a wannan jeri: zama, ƙafa, murya, hannu. Doki na da wayon gane abin da ke biye da wani, nan da sati kaɗan zai riƙa tsayawa tun a na farko don kada a kai ga na huɗu.

In wannan ya zauna, sai rabin tsayawa. Ka nemi tsayawa kamar da gaske, daidai lokacin da ka ji ya tattaro jiki zai tsaya, sai ka saki ka ci gaba a takun da kake. Tsawon taku ɗaya ne, wanda ke kallo ma ba zai lura ba. Ka yi shi kafin kwana, kafin sauyi, kafin gangare, da duk sanda ka ji ya fara nauyi a hannu. Amfaninsa a sakin yake: ka ce masa "tattara kanka", ka bar shi ya riƙe. In ka riƙe masa, ka koma gidan jiya. Da farko taku uku zai yi ya zube, ka sake nema. Wata rana zai yi goma.

Ja da baya a kan sirdi ma yana taimakawa: taku 3 ko 4, ka ɗan sauƙaƙa zama, sannan nan take gaba.

Mataki na 8: gyara karkata

Kamar yadda mutum ke da dama da hagu, kowane doki na da gefen da ya fi lanƙwasuwa, shi ne abin da karas ya nuna maka. Kuma kuturinsa ya fi kafaɗunsa faɗi, shi ya sa in kana bin katanga sai ya manna kafaɗa da ita, kuturi ya karkato ciki. Dokin da ya karkace ƙafar baya ɗaya ce ke yin aikin biyu.

Maganinsa manyan da'irori, da zana lamba 8, da tafiyar maciji daga gefen fili zuwa gefe. Ƙafarka ta ciki a wajen majayi, ta waje baya kaɗan, kamazurun waje shi ke tsare kafaɗa kada ta fice, na ciki kuwa ya nuna hanya ya saki. Idonsa na ciki kawai kake son hangowa, ba ka jawo kan har gwiwarka ba. Daga baya ka koya masa matsawa gefe yana tafiya gaba, sannan a miƙaƙƙen layi ka shigo da kafaɗunsa ciki kaɗan, har ƙafar baya ta ciki ta riƙa taka tsakanin sawun na gaba biyu. A ƙaramar sukuwa ka lura ƙafar gaba ta ciki ce ke jagora. Gefe mai wuya a ba shi aiki sau da yawa amma gajeru.

Mataki na 9: tudu da sanduna

Mu a Bauchi Allah ya ba mu duwatsu, ba sai mun sayi komai ba. Fita bayan gari, ko ta wajen Gubi, ka nemi gangare mai sauƙi a gindin dutse, marar tsakuwa mai zamewa. Hau da tafiya, miƙe sak, ka ɗan duƙa gaba ka ba shi wuya. Zai so ya yi sukuwa don ta fi masa sauƙi, kada ka yarda, tafiyar ce ke gina cinya. Saukowa ta fi hawa amfani: a hankali, rabin tsayawa duk taku kaɗan, ka tsaya cak a tsakiya sau ɗaya ko biyu. Sau 3 a ranar farko ya isa.

A gida kuma ka shimfiɗa sanduna masu kauri, tsawon kamar mita 3. Fara da ɗaya, ka tsallaka zuwa uku, don biyu kan sa ya yi tsalle. Tazara santimita 80 zuwa 90 a tafiya, mita 1.1 zuwa 1.3 a sassarfa, ka gyara har sawunsa ya riƙa faɗawa tsakiya. Bayan girbi, ratsa kunyoyin gona da tafiya na yin wannan aikin, in mai gona ya yarda, sai dai a kula da tushiyar kara mai tsini. Yashin rafi mai zurfi kuwa da samari ke son yin sukuwa a ciki, agara yake ɓatawa.

Gwajin da ba ya ƙarya

Kana cikin sassarfa, komai daidai, sai ka tura hannu biyu gaba har kamazuru ya yi lilo, taku 3, zamanka bai sauya ba, sannan ka karɓa a hankali. In ya ƙara sauri ko ya yi tuntuɓe, kai ke ɗauke da shi, koma mataki na 7. In ya cilla kai sama, bayansa bai saki ba, koma na 6, ka kuma sake duba sirdi. In haɓa ta maƙale a ƙirji ko da ka saki, tsoron linzami ne bai fita ba, ka ƙara tura shi gaba da hannu mai laushi, wannan ya fi kowanne daɗewa. In kuwa ba abin da ya sauya, bugu ɗaya, tsayin wuya ɗaya, to ya fara ɗaukar kansa. Ka riƙa yin gwajin sau da yawa a kowane hawa, a kowane taku.

Lokaci da abinci

Kwana 5 a sati, minti 30 zuwa 45, bayan asuba ko bayan la'asar. A zafin Maris da Afrilu asuba kawai. Ka cakuɗa: yau fili, gobe tudu, jibi kilisa a sake. In ka ji ya fara nauyi a hannu bayan ya yi kyau, gajiya ce, sauka. Ranar hutu a kwance shi daga turke ya yi birgima ya miƙe, don tsayuwar wuni guda a wuri ɗaya na sandarar da abin da ka sassauta jiya.

Tsoka ba ta fitowa daga iska. Busasshiyar ciyawa da harawa su kai kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa kullum, wato kilo 4 da rabi zuwa 6 ga mai kilo 300, a zuba masa a ƙasa ya ci wuya a miƙe. Hatsi kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku, kada a hau sai an yi awa guda ko fiye da ci. Dusa zalla ba harawa tana raunana ƙashi. Ruwa kada ya yanke, gishiri kuma a ajiye masa.

Cikin sati 6 zuwa 8 za ka fara ganin saman wuya da gefen baya na cikowa, ƙasan wuya na laushi. Cikakken abu kuwa shekara ne ko fiye. Tsakanin ƙaramar sallah da babba kusan kwana 70 ne, ya isa ka kai mataki na 6 ko na 7, bai isa ka gama ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Komawa kayan sallah

Sai dokin ya iya tsayawa daga ƙaramar sukuwa da zama da murya, a ƙaramin linzami, sannan ka sauko da babban daga ƙusa. Ranar farko tafiya kawai, riƙo da yatsu biyu. Kayan ado a shigo da su ɗai-ɗai, yau jalala, jibi kayan kai, ka sake auna nauyin duka da naka. Ka kai shi inda zai ji ganga da algaita daga nesa, kana yin sauyin takun da ya saba, kana matsowa a hankali, don doki in ya firgita kai ne farkon tashi, baya ya biyo da lotsawa.

Zamiya ita ce tsayawar mataki na 7, sauri kawai aka ƙara. Daga sassarfa tukuna, sai ƙaramar sukuwa, a ƙasa mai laushi marar rami, sau 2 ko 3 a sati ba ƙari, don tana cin gaɓoɓin baya. Zauna, faɗi kalma, rufe yatsu, saki tun ƙura ba ta kwanta ba. In kuturi ya sauka, gaba ya yi sauƙi, baki a rufe, an dace. In ya kafe ƙafafun gaba har ka ji an jefo ka kan gaban sirdi, lokaci bai yi ba.

In kun dawo gida, sassauta majayi, ka ja shi minti 10 kafin ka sauke sirdi, sannan ka dubi sawun gumi a bayansa. Ya jiƙe bai ɗaya a gefe biyu, tsakiyar ƙashin baya ba alamar gurza. Busasshen tabo a tsakiyar jiƙa, ko gashin da ya murɗe, nan sirdi ke cizo. Gobe da safe ka sake taɓa wurin kafin ka ɗora komai.